Waɗanda ba a tare jirginsu ba



Karatu: Ibraniyawa 11:32-40

Ɗan Arewa da bai taɓa ganin teku ba, ko ka kwana uku kana yi masa bayani ba zai gane ba sai ya je. Shi ya sa da makarantar da nake koyarwa ta shirya wa 'yan aji biyar yawon buɗe ido zuwa Badagri, a jihar Legas, dab da iyakar Jamhuriyar Benin, yaran ba tarihi ne a ransu ba. Ruwa suke so su gani, su yi hoto.

Badagri tsohuwar tashar jiragen ruwa ce, kuma abubuwa biyu ne suka sa ta yi suna. Ta nan aka yi ta fitar da bayi zuwa Amurka, musamman Brazil. Ta nan kuma bishara ta shigo a 1842, lokacin da Thomas Birch Freeman ya yi wa'azi a gindin wani itace da ake kira Agia. Itacen ya faɗi a 1959, sai ginin tunawa da aka yi a wurin. Da ƙafa za ka taka daga can zuwa gidajen da aka ajiye sarƙoƙi da marin bayi. Mai yi mana jagora ya ɗora wa wani yaro sarƙar wuya. Da dariya ya karɓa, ko minti ɗaya bai yi ba ya ce a cire.

Muka hau benen da 'yan mishan suka gama a 1845, inda Samuel Ajayi Crowther ya zauna. Labarinsa akwai daɗin faɗa. An kama shi yana yaro, aka sa shi a jirgin 'yan Portugal a 1822, sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin suka kai shi Saliyo. Ya yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, a 1864 kuma ya zama bishop. Nan da nan wani ya ce, "Kamar Yusufu!" Kowa ya ce amin.

Da yamma muka haye ruwa a kwalekwale zuwa Gberefu, muka bi rairayi har inda ake kira wurin da ba a dawowa. A nan hayaniyar yaran ta mutu. Wata yarinya, wadda kakanninta kan dutse suka zauna don gudun mahara, ta matso ta ce, "Malam, waɗanda ba a tare jirginsu ba fa? Allah bai gan su ba ne?"

Mu matasan ikilisiya muna da saurin kai kowane labari gidan Yusufu. Gaskiya ne Allah yakan juya mugunta ta zama alheri. Amma Crowther ɗaya ne, waɗanda suka mutu a cikin jirgi ko a gonar rake kuwa ba su ƙirguwa, ko sunayensu ba mu da su. In shaidarmu ta tsaya ga wanda ya tsira kaɗai, me za mu gaya wa uwar da 'yarta ba ta dawo daga Chibok ba tun 2014?

Abin da na karanta wa yarinyar a bakin ruwan shi ne karatunmu na yau. Marubucin ya lissafta waɗanda bangaskiya ta kuɓutar daga zakoki da wuta da takobi. Bai ko sauya numfashi ba ya shiga lissafin waɗanda aka jefe, aka ɗaure, aka kashe da takobin nan dai. Layi ɗaya ya sa su, shaida ɗaya ya ba su. Ta saurara, ba ta ce ta gamsu ba, ni ma ban matsa mata ba. Har muka koma kwalekwale tana riƙe da takalmanta a hannu, tana waiwaya.

Ranar Laraba a taron addu'a za mu keɓe lokaci saboda waɗanda har yanzu suke daji a hannun masu garkuwa. Wanda yake da ɗan'uwa ko maƙwabci a can, ya rubuto sunansa a takarda ya ba sakatare kafin a fara.