Kyanwar Inna

A shekara ta 2010, bayan rasuwar mahaifinmu, na tafi ƙauye na ɗauko mahaifiyata domin ta zauna tare da mu a Rigachikun. Kayanta ba su da yawa: tabarma, da akwatin ƙarfe, da 'yar kyanwa cikin kwando, wadda take kira Farar Ƙafa. Tun daga ran nan ɓeraye suka daina yi mana ɓarna a ɗakin hatsi. Kyanwa kuwa ba ta da wurin kwana sai gefen ƙafafun Inna.

Ana nan ana nan, cikin hunturun 2023, sai kyanwar ta soma amai. In ta ci abu kaɗan sai ta mayar. Bayan amai ga gudawa, har ta rame, ana iya ƙirga haƙarƙarinta. Kowace safiya sai uwargidana ta wanke daɓen ɗakin Inna, ga wari, ga ƙuda. Ni dai na gaji. Wata rana da yamma na ɗauki buhu, nufina in kai ta bayan gari in sake ta can, in huta.

Inna tana zaune a bakin ƙofa, ta dube ni, ta dubi buhun. Ta ce, "Ɗana, ran da ni ma na fara ɓata shimfiɗa, wane buhu za ka nemo?" Yarana uku suna tsaye suna ji. Kunya ta rufe ni, na rasa ta cewa. Na ajiye buhu na shige ɗaki.

Daren nan barci ya ƙi zuwa. Na tuna da Karin Magana 12:10, inda aka lissafa kula da ran dabba cikin halayen adali. Ashe shekara 13 ke nan wannan halitta tana yi mana aiki ba lada, ga shi wahalar mako biyu ta sa ina neman yashe ta.

Gari na wayewa na sa ta cikin kwali, muka shiga mota ni da autata zuwa Kawo, daga can muka nemi wani likitan dabbobi a cikin Kaduna. Da farko ya tambaye ni ko na ba ta magani. Na ce na so in ba ta rabin ƙwayar farasitamol, amma Allah bai nufa ba. Ya ce in gode wa Ubangiji, gama hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, ƙwaya ɗaya takan kashe ta. Sa'an nan ya kama fatar ƙeyarta ya ɗaga, ya saki, fata ba ta koma da sauri ba. Ya ce wannan alama ce ruwan jikinta ya ƙare. Da ya lalluba cikinta sai ya ji ƙari a hanji. Ya ce in muna so a tabbatar da irinsa, sai mu tafi asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a ɗauki hoto. Amma bai ɓoye mini ba: shekarunta kamar na mutum mai kusan 70 ne, da wuya ta jure fiɗa. Warkarwa ba ta hannunsa, sai dai sauƙaƙawa.

Ya yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, da allurar tsai da amai. Ya kuma ba mu ka'idodi, ga su nan ko za su amfani wani. A ba ta abinci kaɗan kaɗan, sau da yawa a yini: dafaffen kifi ko kaza, ba ƙashi, ba gishiri, ba yaji. Kada a sa albasa ko tafarnuwa, gama suna lalata jinin kyanwa. Kada a ba ta madara, takan ƙara gudawa. In ta yi kwana biyu ba ta ci kome ba, a komo da ita maza, don yunwa takan taɓa hantarta. Mai juna biyu kada ta kwashe kashin kyanwa, wanda ya kwashe kuma ya wanke hannu da sabulu.

Muka raba aikin. Babban ɗana shi ke kwashe ƙazanta kafin ya tafi makaranta. Auta ke ɓare kifi tana cire ƙaya. Ni kuwa, da na ɗauki buhu, ni ne mai shimfiɗa mata tsohon bargo saboda sanyi. Ba kullum aka yi da fara'a ba. Kifi ya yi tsada, maƙwabta kuma suna dariya, wai gidan wane ana jinyar mage.

Ta ƙara wata uku tare da mu. Wata safiya, ana saura mako guda Ista ta 2024, muka same ta ƙarƙashin gadon Inna, rai ya yi halinsa. Muka binne ta a gindin mangwaro. Auta ta tambaye ni ko Allah ya san ta mutu. Na buɗe mata Matiyu 10:29, muka karanta zancen 'yan tsuntsayen nan tare, ta share hawaye.

Yanzu Inna ce ba ta iya tashi ita kaɗai. Abinci sai mai laushi, wani lokaci kuma sai an sauya shimfiɗa da tsakar dare. Ban taɓa roƙon yaran nan su taimaka ba, da kansu suke zuwa, kowa ya riga ya san aikinsa. Nakan yi tunani, da a ce na tafi da buhun nan ran nan, me za su koya a wurina?

Ya ɗan'uwa mai karatu, yaranka suna kallon yadda kake yi da abin da ƙarfinsa ya ƙare, ko jaki ne, ko kare, ko tsoho. Abin da suka gani shi za su yi maka. Ubangiji ya ba mu haƙuri da masu rauni, yadda shi ma yake haƙuri da mu. Amin.