Gudun doki a turke yake farawa



Da yawa daga cikinmu ba su san dokin tsere na ƙasashen Turai ba sai a talabijin. Babban tseren Faransa, Arc de Triomphe, wanda aka fara a 1920, mita 2400 ne, kuma cikin kusan minti biyu da rabi an gama. Ni da na tashi a gidan da ba a rasa doki a turke, duk sa'ad da na kalli irin wannan gudu, hankalina yakan koma kan waɗanda suka shekara suna tashi tun asuba domin wannan dabba.

Wannan irin doki, wanda Faransawa ke kira pur-sang, a Ingila aka samar da shi. Asalinsa ta wajen uba yana komawa ga ingarmu uku da aka kai can daga ƙasashen gabas, ɗaya daga cikinsu daga Halab ta ƙasar Sham a 1704. Tun 1791 ake rubuta salsalarsu a littafi. Amma asali shi kaɗai ba ya cin tsere. Dukushi yana da kamar shekara ɗaya da rabi ake fara saba masa da linzami da sirdi. Daga nan sai tafiya, sai sassarfa, sai sukuwa kaɗan-kaɗan, domin ƙashi da jijiya sun fi tsoka jinkirin yin ƙwari. Wanda ya yi gaggawa, a ƙafar dokin zai ga sakamako.

Haka sha'anin abinci yake. Tumbin doki ƙarami ne, kuma Allah bai halicce shi da yin amai ba, shi ya sa ciwon ciki yake saurin kashe shi. Don haka ake raba masa hatsi sau uku ko huɗu a yini, ba a yanke masa ciyawa, kuma yakan sha ruwa lita 30 ko fiye. Kakana bai taɓa jin sunan pur-sang ba, amma haka yake yi da gero da harawa da ɗan kanwa. Idan an dawo kilisa, ba ya yarda a ba doki hatsi sai ya huce, sa'an nan ya bi ƙafafun huɗu da tafin hannunsa yana neman zafi ko kumburi, ya duba kofato ɗaya bayan ɗaya.

Addininmu bai bar wannan fage ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, cewa Manzon Allah (SAW) ya shirya tsere a Madina, kuma ya raba dawakin kashi biyu. Waɗanda aka hore, wato aka ciyar da su har suka yi ƙiba sa'an nan aka rage musu abinci, ana lulluɓe su su yi gumi har jikinsu ya ɗaure, sun taso daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, mil biyar ko shida. Waɗanda ba a hore ba, mil ɗaya kacal suka yi, zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Kowane doki an ɗora masa gwargwadon shirinsa.

A nan ne damuwata take. A filayen sukuwa na garuruwanmu na sha ganin dokin da ya yi makonni a ɗaure, ranar tsere a kwance shi, a ɗora masa yaro da bulala, ana so ya yi abin da ba a tanade shi dominsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wasu magidanta kuma abin da ya haɗa su da dawakin Faransa shi ne takardar caca, suna zuba kuɗin cefane a kan lambar dabbar da ba su taɓa gani ba, alhali Alƙur'ani ya haramta caca a fili.

Doki ba shi da bakin kai ƙara, amma amana ce a wuyan mai shi, kuma za a tambaye shi. Wanda ke da halin riƙe shi ya ba shi haƙƙinsa na ci da sha da horo da hutu. Wanda ba shi da hali, kallo ya ishe shi.

Allah ya sa mu cikin masu tausayin abin da ya damƙa a hannunmu. Amin.