Ladabin Mai Banjo

Cikin kaɗe-kaɗen ƙetare, bulugiras na Amurka ne ya fi shiga raina, saboda ladabin makaɗansa. Sunan ya fito daga ƙungiyar Bill Monroe, mutumin jihar Kentaki. A zamanin da Earl Scruggs ya shigo ta da banjonsa, a 1945, makirfo guda makaɗa kan raba: wanda layi ya zo kansa ya matso, in ya gama ya ja da baya.

Har gobe, in makaɗan suka zauna da'ira don nishaɗi, ba ganga ba lasifika, haka suke karɓa-karɓa. Banjo dangin gurmi ne, fata ke shimfiɗe a cikinsa, amonsa ya fi na kowa. Jita kuwa muryarta ƙasa-ƙasa take. In layi ya iso ga mai jita ko mawaƙi, wajibi ne mai banjo ya sassauta yatsunsa. Ma'auninsu guda ne: in ba ka jin wanda ke kan layi, to kai ne ka cika ƙara.

Ni dai, ƴan'uwa masu karatu, a nan nake auna gwani: wanda ke da ikon danne kowa, ya rage murya don a ji na kusa da shi. Ganga in ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.