Man kaɗanya da kukan ƙanwata

Kwana biyar da haihuwar ƙanwata a Sabon Tasha na shiga ɗakinta na tarar ta cije gefen zani, hawaye na zuba, jaririn yana tsotso. Kan nonon duka biyu ya tsage, na hagu har da jini. Ta ce min, "Yaya, da na ji ya motsa sai gabana ya faɗi." Uwa tana fargabar ɗanta ya farka da yunwa. Har yau maganar nan tana ci min rai.

Kowa da maganinsa. Maƙwabciya ta kawo man zafi, irin wanda ake murza wa ƙirji idan mura ta kama. Wata ta ce a sayo kirim ɗin ƙuraje a kemis. Mama kuwa ta hawo mota daga Kafanchan da ɗan gwangwanin man kaɗanya a ƙulle cikin leda, tana cewa a yi haƙuri, haka kowace mace ta sha.

Man zafin nan na hana, kuma zan sake hanawa. Akwai kafur a cikinsa, kafur kuwa guba ne ga jariri, kuma duk abin da aka shafa a kan nono bakin yaro zai shiga. Kirim ɗin ƙuraje ma ba a kai shi wurin sai da izinin likita. Man kaɗanya mai tsabta yana tausasa fata, musamman da hunturu, a shafa kaɗan bayan yaro ya ƙoshi, a goge kafin ya sake kamawa. Akwai lanolin, man da ake tacewa daga gashin tunkiya, manyan kemis na sayar da shi, amma da tsada. Wanda ba ya cin ko sisi shi ne ɗigon nonon kansa: a matso, a shafa, a bar shi ya sha iska. Sabulu kuma a daina goga shi a wurin.

Duk mun yi, raɗaɗi ya ragu, tsagewar ba ta rufe ba. Sai da wata ungozoma ta zauna ta kalli yadda jaririn yake sha. Ashe ɗan kan nonon kaɗai yake kamawa, yana murje shi. Ta manna cikinsa da na uwar, ta jira ya wage baki kamar mai hamma, sannan ta matso da shi har baƙin da ke kewaye ya shige, haɓarsa na taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje. Idan za a cire shi, a zura ƙaramin yatsa ta gefen bakinsa, kada a fizge. Ta kuma ja kunnenmu: idan nono ya yi ja, ya yi tauri, ga zazzaɓi, ko aka ga fari-fari a bakin yaro, asibiti za a nufa.

Kowace shekara daga 1 zuwa 7 ga Agusta ana makon shayarwa, rediyo na ta nanata shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nono zalla wata 6. Gaskiya ce. Amma wadda ke kuka ƙarfe biyun dare tana neman wanda zai gyara mata riƙon yaro ne.

Cikin mako guda da zuwan ungozomar, fatar ƙanwata ta haɗe. Mama tana zaune a bakin gado da gwangwaninta a hannu, tana kallon jikanta yana sha, uwar ko yamutsa fuska ba ta yi. Can ta ce, haihuwarta shida, ba wanda ya taɓa nuna mata haka.