Telwa da Ƙarin Ruwa

A wani lungu na tsohon garin Agadas, inda ake hango hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27 daga kowane tsakar gida, akwai wani tsohon malamin firamare wanda duk unguwa ke kira Mushe, ko da yake ya daɗe da ajiye alli. Bayan ambaliyar watan Satumba na 2009, lokacin da koramar Telwa ta ɓalle ta rushe gidaje masu yawa a garin, maiɗakinsa ta tsinci wata ƴar kyanwa a kan ragowar katanga, jiƙe sharkaf, ta kawo ta gida cikin gyalenta, ta sa mata suna Telwa. Matar ta riga mu gidan gaskiya, ƴaƴa suka watsu zuwa Yamai da Arlit, gida ya rage daga Mushe sai kyanwar.

A bazarar 2023, da Telwa ta doshi shekara 14, Mushe ya ga ta sake hali. Ta riƙa kwana bakin randa, tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, tana yawan fitsari, ga rama, ga amai, ga warin baki. Sai ya aika aka kira wani tsohon ɗalibinsa, likitan dabbobi, wanda yawancin aikinsa kan raƙuma da awaki ne. Likitan ya kama fatar ƙeyarta ya ɗaga ya saki, fatar ta tsaya cak kamar laima maimakon ta koma nan take. Ya lalubi cikinta, ya duba dasashinta, sa'an nan ya ce: "Mushe, alamu sun nuna ƙodarta ce ta gaji. Wannan ciwo ba ya warkewa, amma ana iya sauƙaƙa mata."

Bayanin da ya yi ya cancanci a maimaita shi ga duk mai kyanwa a gida. Asalin kyanwar gida daga kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya ne, dabbar busasshiyar ƙasa wadda ke samun yawancin ruwanta daga naman abin da ta kama, don kusan kashi 70 cikin 100 na jikin ɓera ruwa ne. Saboda haka ƙishirwa ba ta cika damunta ba, ƙodarta ce ke tattalin ruwa, tana fitar da fitsari kaɗan mai kauri. Idan tsufa ya ci ƙodar har wajen kashi biyu cikin uku ya daina aiki, sai ta kasa riƙe ruwan, ya riƙa zuba kamar daga hujajjen tulu. Komai yawan shan da kyanwar za ta yi ba ya cike giɓin, balle a Agadas inda zafin Mayu ke haura digiri 40. Jiki na bushewa, dattin da ya kamata ya fita yana taruwa cikin jini, sha'awar abinci tana gushewa.

Dabarar ita ce ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, ba ta jijiya ba. Likitan ya rubuta masa ruwan Ringer lactate, ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya sa mai sukari, ya kuma ƙayyade masa mililita 100 duk bayan kwana biyu, gwargwadon nauyinta, domin ruwa in ya yi yawa yana iya nauyaya wa zuciya har numfashi ya yi wuya. Ya ƙara da cewa ko rabin ƙwayar farasitamol na iya kashe kyanwa, kuma albasa da tafarnuwa guba ne gare ta, don haka babu kilishi, babu ragowar miya.

Ranar farko hannun Mushe ya yi ta rawa. Mutumin da ya shekara fiye da 30 yana tsawata wa aji mai yara 60 ya kasa soka allura a fatar dabbar da ba ta kai kilo uku ba. Ɗalibin ya dafa hannunsa ya ce: "Mushe, ku ne kuka riƙe hannuna na koyi rubutu, yau ku bari in riƙe naku." Daga nan aikin ya zama al'ada. Bayan sallar asuba sai ya tsoma jakar ruwan cikin kwanon ruwan ɗumi har sanyinta ya fita, ya rataye ta a ƙusa jikin azara, ya ɗora Telwa a cinyarsa bisa tsohon zanen marigayiya. Ya ɗaga fatar da ke tsakanin kafaɗunta, ya shigar da sabuwar allura, ya buɗe maƙunshin tiyo, yana shafa kanta yana duban layin da ya ja a jikin jakar. Cikin ƴan mintoci sai wani ƙullutu mai taushi ya taso, wanda kan gangara wajen ƙafar gaba kafin jiki ya shanye shi. A wani littafi irin na ƴan lakkwal yake rubuta kwanan wata, da yawan ruwan, da abin da ta ci, da ko ta yi amai.

Maganar ba ta tsaya cikin gida ba. A majalisar ƙofar masallaci wani maƙwabcinsa ya ce masa: "Haba Mushe, mutane na kwance asibiti suna neman abin sayen ruwan nan, kai kana ɗura wa mussa?" Mushe bai yi fushi ba, don ya san maganar tana da nauyi. A garin da uwa kan sayar da akuya don ta biya kuɗin magani, ba a raina irin wannan tambaya. Abin da ya ce kawai shi ne: "Alhaji, shekara 14 tana tsare mini buhun hatsi daga ɓera, tana kashe kunama kafin ta kai shimfiɗar jikokina. Yau da ta kasa, in kau da kai?" Wani dattijo ya tuna musu cewa laƙabin Abu Huraira ma daga ƴar kyanwa ya samo asali, aka yi dariya, aka bar zancen.

Amma tambayar Alhaji ta dawo da kanta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki, magunguna suka yi ƙaranci a Nijar har zuwa lokacin da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Wata safiya Mushe ya tarar saura jaka biyu a kantin magani, ga kuma wata mata a bayansa riƙe da takardar likita, ɗanta na fama da gudawa. Bai jira an roƙe shi ba, ya ja gefe ya bar mata. Makonni uku Telwa ba ta sami ƙarin ruwa ba. Ya koma dafa mata kaza ba gishiri, yana dama naman da romo, yana ɗiga mata ruwa a gefen baki da sirinji, yana ajiye ƙananan kwanoni a kowace inuwa ta gidan. Abzinawa na cewa aman iman, wato ruwa shi ne rai, kuma Mushe ya nuna ya san ran da ke gaba idan ruwan bai isa kowa ba. Tausayin dabba bai rage masa tausayin mutum ba, tushensu ɗaya ne.

Telwa ta ga sanyin wannan shekara, ta koma hawa katanga tana shan hantsi. Da zafin 2024 ya kama, sai ta daina cin abinci, ta fara ɓuya da zarar ta ga an ɗauko zanen, ƙullutun ruwan kuma ya riƙa kwana bai shanye ba. Likitan ya duba littafin shafi bayan shafi ya ce: "Mushe, jikinta ya daina karɓa." Ƴarsa ta kira daga Yamai tana cewa: "Baba, ka yi iya naka." Nan ne ya fahimci cewa jinya tana da iyaka, kuma allurar da ta kasance taimako tana iya komawa azaba idan mai yin ta ya fi duban kaɗaicinsa bisa wahalar majinyaci. Ya sauke jakar daga ƙusa, ya shimfiɗa mata zanen kusa da randa, yana jiƙa mata baki da auduga. Bayan kwana biyu ta cika.

Ya binne ta a gindin katangar gidan. Sauran allurai da jaka ɗaya da ba a buɗe ba ya kai wa ɗalibinsa, tare da littafin, ya ce a ajiye wa duk wanda zai buƙata. Ƙusar tana nan jikin azara, yanzu carbinsa yake ratayewa a kanta.