Inci Ɗaya

A ƙasarmu lam ba ta san ragi ba, sai ƙari. Duk wanda ya taɓa tsayawa tashar Maraɗi ranar kasuwa ya ga a-kori-kura, Peugeot 504 ko Hilux, an loda mata buhunan hatsi, an ɗaura awaki, sannan mutane sun hau bisa. Abin da ke ɗauke da wannan nauyi duka shi ne lam, wadda ƴan Najeriya ke ce ma sifirin: fallayen ƙarfe dogaye, an jera su wani kan wani, an lanƙwasa kamar baka. Direban hanyar Dakwaro in ya shigo gareji, magana ɗaya ce a bakinsa: a ƙara mini falle biyu, mota ta ɗaga.

Garejin kawuna ne nake nufi, inda nake yin babban hutu tun ina lise. A can na ga aikin da ya juya wannan al'ada, ranar da aka kawo motar da ake so a saukar.

MGB ce, ƴar ƙarama mai kujera biyu, ta wani Alhaji da manyan motocinsa ke zuwa gyara wurinmu. Ya ce a Yamai ya saye ta tun yana saurayi, hannun wani Bature da zai koma gida. A garin Abingdon na Ingila aka riƙa ƙera irinta daga 1962 zuwa 1980, sama da rabin miliyan. Alhaji ya sa an aiko masa sabbin lam da wata takarda cikin Ingilishi. Kawu bai yi boko ba, sai ya miƙo mini: "Malam ɗalibi, yau ga ranarka."

Daga takardar da ɗan binciken da na yi a waya na gane labarin. Mafi yawan waɗannan motoci Amurka ake kai su. A ƙarshen 1974, don bin dokokin can game da kariyar gaba da baya da tsawon fitilu daga ƙasa, kamfanin ya sa mata baƙar kariya ta roba, ya kuma ɗaga jikinta da kimanin inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi. Motar da aka zana don ta lafe ƙasa sai ta koma tana rangaji a kwana. Shi ya sa har yau masu ita a Ingila ke sayen lam marar lanƙwasa sosai, su mayar da ita tsawonta na asali. Ku duba fa: doka aka yi a Amurka, ga mu kwance cikin ƙurar Maraɗi muna warware ta.

Kafin a taɓa noti ko ɗaya, kawu ya sa na auna da mita daga tsakiyar taya zuwa farin layin ƙarfe da ke gefen motar, dama da hagu, na rubuta. Aka tare tayoyin gaba, aka ɗaga baya, aka kafa ƙafafun ƙarfe ƙarƙashin jikin motar. A garejin kawu, yaron da ya shiga ƙarƙashin mota bisa jak kaɗai, ranar ya bar aiki. Jak ɗin ma sai aka mayar da shi ƙarƙashin pon, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, don kada ya faɗo.

Gefe ɗaya ake gamawa kafin a koma ɗayan. A wannan mota pon bisa lam yake zaune, ƙusoshi biyu masu siffar harafin U sun rungume su. Kan lam na gaba a ɗaure yake da jikin mota, na baya kuwa yana rataye da wani ɗan lilo na ƙarfe, saboda lam tana miƙewa in ta ɗauki nauyi. Tsatsa ta cinye notocin, sai da suka kwana cikin mai. Da safe muka fara ɗaura kan gaba, muka sauke pon a hankali har kan ƙusar tsakiyar lam ya faɗa raminsa, sannan muka kama lilon. Ƙusoshin U sababbi aka sa, robobi ma haka. Gaban motar shi ma aka canza masa nasa, don in ka saukar da baya kaɗai, sai ta ɗaga hanci, fitilu su riƙa haska idon mutane.

Ina karanta layi na ƙarshe, inda aka ce kada a ƙarasa ɗaure notocin kan lam sai mota ta tsaya bisa tayoyinta, sai na ga kawu ya riga ya hana yara. Na ce: "Kawu, wa ya gaya maka?" Ya ce: "Robar ce. In ka matse ta mota na rataye, da an sauke sai ta murɗe, ba ta shekara ta tsage." Abin da injiniyan Ingila ya rubuta, hannun kawu ya daɗe da saninsa.

Rigima ta zo ne da ɗan Alhaji. Ya ga hotuna a Facebook, yana so a ƙara saukar da ita har taya ta kusa ɓuya. Ya ce a cire falle ɗaya, ko mai walda ya gasa lam da wuta ta kwanta. Kawu ya ce wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, wata rana ya karye ana cikin gudu. Cire falle kuma zai sa ta yi laushi, pon ya riƙa dukan jikin mota a kowane rami. Ya ja shi bakin titi, ya nuna masa tudun rage gudu, ya dawo ya nuna masa salansa da ba ta kai taƙi ɗaya daga ƙasa ba. Saurayin ya ce to manyan motocinsu za su canza gareji. Mun san abin da wannan ke nufi: kusan rabin abincin yara bakwai ne. Kawu ya goge hannu ya ce: "Arziki na Allah ne. Amma ba da hannuna ba."

Sati uku ba mu ga motar Alhaji ko ɗaya ba. Ana nan sai ga tsohon da kansa. Ya zagaya ƴar motar, ya danna bayanta ta dawo ta tsaya cak, ya ɗauki kawu suka yi hanyar Madarumfa. Da suka dawo na sake aunawa, dama da hagu daidai. Bai ce komai kan ɗansa ba, ya dai ce gobe a turo yaro ya duba birkin babbar mota.

Ƴan uwana ɗalibai, mun saba in mun wuce gareji mu ɗauke kai, kamar masu baƙin mai a riga su ne waɗanda karatu ya ƙi. Kusan duk abin da muke amfani da shi, daga mota har littafin aji, wani ne ya yanke masa tsawo a wata ƙasa, don hanyar da ba tamu ba. Takarda tana iya gaya maka dalilin da ya sa aka ɗaga mota a 1974. Iyakar inda za a saukar da ita a Maraɗi kuwa, sai wanda ya san tudun titinmu, kuma yake shirye ya yi sati uku babu ciniki.