Taga Biyu, Babu Linzami

Akwai tambayar da muka saba yi wa ɗalibanmu, yanzu kuma muna son yi wa 'yan'uwa marubuta: labarin nan da ka shekara kana rubutawa, a ina yake zaune? Amsar da muka fi ji ita ce, "Yana cikin waya," ko "Yana cikin kwamfuta." Wannan kuwa daidai yake da a tambayi mutum gidansu ya ce yana cikin Kano. Ranar da wayar ta faɗa ruwa, ko kwamfutar ta ƙi tashi, sai ka ga marubuci ya yi tagumi, babi ashirin sun tafi ba sallama.

Mu da muka fara taɓa na'urar nan a ƙarshen shekarun 1990 mun tarar da sauran tsarin DOS, wato baƙin allo wanda sai ka rubuta masa umarni yake motsi. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne wata manhaja mai suna Norton Commander, wadda wani Ba'amurke, John Socha, ya rubuta, ta fito a 1986. Tana raba allo gida biyu, shuɗi shar, taga a hagu, taga a dama. Ɗaya tana nuna inda kayanka suke, ɗaya tana nuna inda za ka kai su. Maɓallin Tab ke tsallakar da kai tsakaninsu. F3 ka duba fayil, F4 ka gyara, F5 ka kwafa, F6 ka matsar ko ka sauya suna, F7 ka buɗe sabuwar jaka, F8 ka goge, F10 ka fita. Linzami kuwa ko yana nan ko ba ya nan, aiki na tafiya.

Abin da ya fi burge mu a tsarin nan shi ne ba ya yi maka rufa-rufa. Kafin ka kwafa, idonka na kan mafari da masauki a lokaci guda, ga sunan fayil, ga girmansa, ga ranar da aka taɓa shi na ƙarshe. In kana da kwafi uku na babi ɗaya, kwanan watan zai gaya maka wanne ne sabo. DOS ba ya yarda suna ya wuce harafi 8, sai ɗigo da wasu 3, kuma babu maganar ƙ ko ɗ ko ɓ. Dole mutum ya zauna ya yi tunanin suna, BABI07.TXT ko WAKA12.DOC. Ƙunci ne, amma ya hana mu tara fayiloli goma duk da suna "sabo na ƙarshe".

Norton ya daɗe da kwanta dama, amma ya bar zuri'a. A 1994 Miguel de Icaza, ɗan ƙasar Meziko, ya fara Midnight Commander, kyauta, kuma har yau yana aiki a kan Linux: ka rubuta mc a baƙin allo, tagogin nan biyu su bayyana da maɓallansu na da. Akwai FAR Manager na Eugene Roshal, wanda ya fito a 1996 don masu Windows. 'Yan baya irin su ranger sun ɗauko haruffan h, j, k, l don yawo cikin jakunkuna. Mu dai yatsunmu sun riga sun saba da F5.

Sai dai a kula da F8. Midnight Commander zai tambaye ka sau ɗaya ko ka tabbata, in ka amsa, fayil ya tafi, babu kwandon shara da za ka koma ka tono shi. Shi ya sa ba ma fara koya wa ɗalibi gogewa sai ya iya kwafa. Mu kanmu duk daren da muka gama rubutu, sai mu sa filashi, mu buɗe shi a tagar dama, mu danna Insert a kan babin da muka taɓa har sunayensu su koma rawaya, mu danna F5, mu jira sunayen su bayyana a ɗaya gefen, sannan mu kashe fitila.